Ruwan Gombe: Mun Haƙa Rijiya, Wa Zai Yashe Ta?

"Ruwan Allah ne zan biya wa kuɗi?"

Maƙwabcina ne ya faɗi haka, wani dattijo da duk layinmu ke kira Baffa, ranar da aka kawo masa takardar kuɗin famfo. Ya duba gabanta, ya duba bayanta, ya ninke ta ya cusa ƙarƙashin tabarma. Ko minti goma ba a yi ba sai ga mai ruwa ya turo kura, gumi na ɗiga daga haɓarsa, don watan Maris ne, wanda kuwa ya san Gombe ya san zafin Maris. Baffa ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya ƙirga masa na jarka goma sha biyu cif, har da "sannu da ƙoƙari, ɗan samari".

Na ce, "Baffa, wannan fa? Shi ba ruwan Allah ba ne?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Kai ma dai, Malam. Ai guminsa na biya. Ba ka ga yadda ya turo ta ba?"

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina. Baffa ba marowaci ba ne, da shi ake duk wani aikin masallaci. Kuma rarrabewar da ya yi tsakanin ruwa da wahalar kawo ruwa daidai take, malaman fiƙihu ma haka suka yi. Inda aka samu matsala shi ne gumin mai kura yana ganinsa da idonsa, amma na famfo a ɓoye yake cikin ƙasa. Abin da nake so in faɗa a nan shi ne, yadda ake tafiyar da harkar ruwa a garin nan ya fi bin abin da muke yabo da abin da muke jin kunyarsa fiye da abin da ke rubuce a takardun ma'aikatu. Mu mutane ne masu girmama wanda ya ba da ruwa. Wanda ya tsare ruwan kuwa, ya gyara, ya hana a ɓata, ko sunansa ba mu tambaya. Masu mulki sun karance mu sarai, shi ya sa suke ba mu abin da za mu tafa musu a kai.

A fara da inda garin yake. Gombe Abba, inda Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ya kafa hedkwatarsa, a gefen kogin Gongola take. Nafada, inda Turawa suka mayar da mazaunin masarauta daga baya, ita ma a bakin Gongola take. Sai a 1919 aka dawo nan Gombe Doma, wurin da babu kogi mai gudu rani da damina. Wato garin ne ya bar ruwa ya hau tudu. Muddin mutane ba su da yawa, rijiyoyi da tafkuna suna iya riƙe su, daga baya aka ƙara da rijiyoyin burtsatse irin na unguwar Malam Inna. Da aka ƙirƙiro jiha a 1996 kuwa, sai gari ya ɓalle ta ko'ina.

Ruwan da ke fitowa a famfon Baffa, ranar da ya ga damar fitowa, daga Dadin Kowa yake, tafiyar kusan kilomita 40. An gina madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola a shekarun 1980, aikin jawo ruwanta zuwa cikin gari kuma a zamanin Gwamna Danjuma Goje aka yi shi. Wanda ya taɓa ganin Gongola da damina ya san launinsa, ja-ja-jir kamar kunun kanwa. Sai an zuba masa alif ya kwanta, an tace, an sa kulorin, kafin a fara maganar turowa. Turowar ce babbar wahala, domin Dadin Kowa a ƙasa take, Gombe a sama, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don ganin dama. Kowace lita sai inji ya ɗauko ta, injin kuma wuta yake ci, in babu wuta ya sha dizal. A 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, mutane da yawa suka gane cewa wuta da ruwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Har masu rijiyar burtsatse a gida sai da suka ji a jikinsu. Abin dariya, abin kuka: a jikin wannan madatsar akwai tashar lantarki mai megawat 40, wadda sai da ta haura shekara talatin tana jira kafin ta fara ba da wuta.

Matatar da aka gina tana iya tace lita miliyan 50 a rana. Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ƙiyasta wa mazaunin birni lita 120 a rana. In ka raba, za ka ga ruwan mutum dubu ɗari huɗu ne da 'yan kai, shi ma in injuna sun yi aiki dare da rana kuma ko ɗigo bai zube a hanya ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gombe kaɗai ta kusa mutum dubu 270. Tun daga nan gari ya tsallaka cikin Akko ta Tumfure, ya miƙa ta hanyar Dukku da ta Bajoga da ta Biu, ga 'yan uwanmu na Borno da Yobe da rikici ya koro, da yawansu sun zauna ke nan. An ƙara shimfiɗa bututu a 'yan shekarun nan, ba a musu. Amma mai ɗinka wa yaro riga ya san kafin Sallah ta zagayo ta ɗage masa.

Na tashi a gidan da kakarmu, Dada, ke da randa a zaure. Kullum da safe sai an wanke ta an cika, an ɗora faifai da moɗa a kai. Mai tallan itace ya sha, almajiri ya sha, Bafulatanar da ta kawo nono ta sha, ba wanda ke neman izini. In baƙo ya yi sallama, ba a tambayarsa abin da ke tafe da shi sai an miƙa masa ruwa. A wajen Dada, a ce wane yana sayar da ruwan rijiyar gidansa abin faɗa ne a ƙasa-ƙasa, kamar a ce yana cin riba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu rabu da ita. Da ita aka san mu, kuma hadisin da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, ya ce shayar da ruwa, kowane yaron Islamiyya ya haddace shi. 'Yan uwanmu Kirista ma haka abin yake a wajensu, coci da yawa sun haƙa rijiya sun bar wa unguwa.

To amma Dada tana da wata al'ada ta biyu, ita ce wadda muka yar. Duk shekara idan rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, sai ta sa a kira masu yasa. Mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, a yi ta fito da laka da tsofaffin guga da takalman yara. Gidajen da ke ɗiba a rijiyar kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani kuɗi, wani kunu, wani ya turo ɗansa jan igiya. Ban taɓa jin wanda ya ce ruwan Allah ne don haka ba zai sa hannu a yasa ba. Kunya ma ba za ta bar shi ba.

Yanzu ku zo unguwarmu ku ga rijiyar burtsatse mai sola da wani ɗan siyasa ya yi mana ana gab da zaɓe. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yi kiɗa, an yanka kyalle, mata sun yi guɗa. Allon da ke ɗauke da hotonsa har yau yana nan, fentinsa bai ko kwaile ba. Ruwa dai ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni, sumo, wato injin da ke turo ruwan daga ƙasan rijiyar, ya ƙone. Aka jira mai allo ya zo ya gyara. Da aka ga shiru, wani dare aka kwance farantan sola biyu. Kan famfunan kuwa yara suka ƙarasa su. Yanzu awaki ne ke kwana a inuwar tankin. Ba mu kaɗai ba ne, duk wanda ya zaga Bolari ko Pantami ko Kagarawal zai ƙirga irinta.

Ban ga laifin ɗan siyasar shi kaɗai ba. Ya san in ya kashe kuɗin nan wajen canza tsohon bututun da ke yoyo a ƙarƙashin titi, ko sayen alif na wata shida, babu inda zai manna hotonsa, babu mai cewa Allah ya saka. Haƙawa ita ce sadaka mai suna. Haka kasafin kuɗi yake tafiya tun daga Abuja har ƙaramar hukuma, sabon aiki yana samun kaso, gyara kuwa sai abin da ya rage. Gwamna kuma, kowane ne, yana tsoron ya matsa wa mutane kan kuɗin ruwa, don ya san abin da za a ce a majalisar shayi: ga wanda ya zo yana sayar mana da ruwan Allah.

A takarda ba haka aka tsara ba. Manufar 2000 ɗin nan ta ce gwamnatoci su haɗu su ɗauki nauyin gina ayyukan ruwa na birane, amma kuɗin gudanarwa da gyara ya fito daga abin da masu sha ke biya. Wannan tunani yana da asali. A taron Dublin na 1992 aka yi matsaya cewa a ɗauki ruwa a matsayin kaya mai darajar kuɗi. A 2010 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana samun ruwa mai tsabta a matsayin haƙƙin ɗan Adam. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja tsakanin masu cewa haja ce da masu cewa haƙƙi ne. Gombe na cikin jihohi bakwai da suka shiga shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021 don ruwa da tsabtar muhalli, kuma irin waɗannan shirye-shirye kullum suna zuwa da maganar mita da tara kuɗin shiga. Jami'ai su je taron bita a otal su amsa da "to", su dawo unguwa su tarar da Baffa da tabarmarsa. Sai a ƙare da tsarin da ba shi nan ba shi can, ana raba takardar biya ba a karɓa da gaske, ana alkawarin ruwa ba a kawowa da gaske.

Ni a ganina ba sai mun je Dublin neman amsa ba, tana cikin littattafan da ke zauren malamanmu. Gaskiya ne hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma an hana sayar da rarar ruwa ga mabuƙaci. Amma malamai sun bambanta ruwan kogi da na sama, wanda ba na kowa ba ne, da ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, wanda ya halatta ya sayar. Ruwan Gongola a cikin Gongola na kowa ne. Wanda aka tace aka turo kilomita 40 har cikin banɗakinka, akwai dukiya da wahala a kansa. A tuna da rijiyar Ruma a Madina. Mai ita yana sayar da ruwanta, ba a ƙwace ta da ƙarfi ba, sai aka kwaɗaitar da wanda zai saya. Sayyidina Usman ya sa kuɗinsa ya saye ta ya bar wa jama'a, gugansa kamar gugan kowa. Ruwan ya zama kyauta ga mai sha ne domin wani ya biya. Kuma a hukuncin wakafi, daga abin da wakafin ke samarwa ake fara gyara shi kafin a raba wa masu cin moriya, don kada asalin ya mutu. Na sha jin huɗuba a kan falalar haƙa rijiya. A kan ladan wanda ya sayi sumo ya maye wanda ya ƙone, ko zunubin wanda ya fasa bututu ya ja ruwa a ɓoye zuwa gidan bulo, har yau ina jiran ji.

Wanda wannan rabin tarbiyya ta fi cuta shi ne talakan da ake cewa ana karewa. A yi lissafi. Jarka mai lita 25, guda 40 ne ke cika lita dubu. A ce naira 100 ake sayar da jarka, da zafi kuwa a wasu unguwanni ta wuce haka, lita dubu ta tashi naira 4,000 ke nan. Gida mai mutum takwas da ke maneji da jarka shida a rana, kowa bai kai lita 20 ba, amma a wata an kashe naira 18,000. Wanda ke unguwar da bututu ya ratsa, ko mai rijiyar burtsatse a tsakar gida, yana wanke mota da tiyo. Ashe ruwan da aka ƙi sa wa farashi don tausayin talaka, talakan ne ke sayensa da tsada mafi muni, sai dai kuɗin ba ya komawa inda zai ja bututu zuwa ƙofarsa.

Akwai kuma wanda ke biya ba da kuɗi ba. A gidajenmu ruwa matsalar mace ce. Ita ta san jarka nawa ta rage, ita ke hana yara wanka na biyu, ita ke tara ruwan ɗauraya don share tsakar gida. In mai kura bai zo ba, 'yarta ce za ta ɗauki bokiti ta bi layi, ta isa makaranta an gama darasin farko. Amma taron unguwa a ƙofar masallaci ake yinsa bayan Isha, na gwamnati kuma a ɗakin taro, duk biyun maza ne. Maigida ya san an sha wahala, amma labari aka ba shi. Su kuwa manyan da ke sa hannu a takarda, kusan dukansu sun haƙa tasu a gida, famfon gwamnati ya kawo ko kada ya kawo, ba za su sani ba sai sun ji a rediyo. Da za a ce daga gobe gidan kowane kwamishina da babban sakatare da famfon gari zai dogara, da an ga saurin aiki.

'Yan ga-ruwa fa? Su ne ainihin bututun rabin garin nan, amma in ana tsara manufa kamar babu su. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, ba su da mai magana da yawunsu. Ba mai tambayar inda suka ɗebo, ko yaushe aka wanke cikin jarkar da ta yi kore. Na fi son a daina yi kamar gobe za su ɓace. A yi musu rajista, a kafa musu wuraren ɗiba na ruwan da aka tace a farashi sananne a unguwannin da bututu bai kai ba, a riƙa duba jarkokinsu. Wannan ba ya buƙatar rancen dala.

Sai maganar ƙasa kanta, wadda a nan ne muka fi sakaci. A fiƙihu akwai abin da ake kira harimin rijiya, wato kewayenta da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta ba, ko ya haƙa wata da za ta janye shi. A yau ma'aikatan lafiya suna cewa a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 da 100, tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ɗin ne kawai, balle wanda aka raba biyu aka sayar. Kowa ya haƙa rijiyarsa a gaba, sokawe a baya, bayan wani kuwa shi ne gaban wani. Katanga tana raba gida da gida a sama, a ƙarƙashin ƙasa kuwa babu katanga. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da dubu ɗari a ƙasar nan, ta kashe fiye da dubu uku, maƙwabciyarmu Bauchi ce ta fi kowa yawan waɗanda suka kamu. Duk da haka in ka ce a nemi izini kafin haƙa rijiyar burtsatse, amsar ɗaya ce: filina ne, kuɗina ne. A yammacin gari, ta wajen Tumfure, sai an nutsa ƙwarai kafin a tarar da ruwa, kuma mutanen Kwami da Dukku sun fi kowa sanin wannan wahala. Ana ta zuƙa, babu mai ƙirga bakin da ke zuƙar.

Ga kuma kwari. Garin nan a gangare yake, daga yamma zuwa gabas, ƙasarsa kuma yashi-yashi. Da, ruwan sama yana samun gonaki da itatuwa da tafkuna ya tsaya ya nutse. Yanzu mun sare, mun cike tafkunan mun yi gini, mun shafe tsakar gida da siminti don kada a ce ba mu waye ba. Ruwa ya sauka a kan kwano, ya faɗa kan siminti, ya fita ta rariya a guje, ya haɗu da na maƙwabta, ya je ya ci gindin gidan wani a bakin kwari. A Agusta muna kuka ruwa ya yi yawa, a Maris muna kuka babu, kuma ruwan ɗaya ne. A yawancin shekaru Gombe na samun sama da milimita 800 na ruwan sama. Kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin gida mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita dubu 80 a damina, jarka 3,200 ke nan. Iyayenmu da suke jera baho da tulu a bakin indararo sun fi mu lissafi. Shirin dashen itatuwa da gwamnatin Inuwa Yahaya ta ƙaddamar a 2019 da ayyukan ɗaure kwari da aka yi suna da amfani, amma ana kallonsu a matsayin aikin muhalli, ruwan sha kuma aikin wata ma'aikata daban. Me zai hana a ce duk wanda zai yi babban gini sai ya nuna inda zai tara ruwan rufinsa kafin a sa masa hannu?

Madatsar ma ba tamu mu kaɗai ba ce. Gongola daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa Bauchi, ya zagayo ta Nafada, bayan Dadin Kowa kuma ya wuce Kiri ya faɗa Binuwai a Numan. Duk gonar da aka nome har bakin gaɓa, duk dajin da aka mayar gawayi a sama, ƙasarsa a cikin madatsar take kwanciya. Masunta na da haƙƙi a ruwan, masu noman rani na da shi, makiyayi ma da garkensa. Dokar albarkatun ruwa ta ƙasa da ya kamata ta tsara irin wannan rabo ta sha faɗuwa a Majalisar Tarayya, saboda wasu sassan ƙasar sun ɗauke ta dabarar ƙwace musu bakin koguna a ba makiyaya. Zargi ya kashe ta tun kafin a yi muhawara a kan abin da ke cikinta.

Na san abin da za a ce mini, don Baffa ya riga ya faɗa: "In biya kuɗin me? Kuɗin iska?" Yana da gaskiya. Famfon da za ka buɗe ya yi tari ya yi shiru, ko ya kawo ƙarfe biyun dare sau ɗaya a mako, ba ya sa mutum ya ji nauyin biya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a wannan ciniki hukuma ce ya kamata ta fara zubawa. A faɗa wa kowace unguwa ranakun da za ta samu ruwa, a sanar a rediyo, a cika alkawari. A bayyana abin da aka tara da abin da aka kashe a wuta da magani. Ma'aikatu da manyan gidajen gwamnati su fara biyan nasu a bainar jama'a. Otal da gidan wankin mota da masu buga bulo da masu fiya wata, waɗanda ruwa jarinsu ne, a sa musu mita su biya cikakken farashi. Mai ƙaramin ƙarfi a ba shi ma'aunin farko da rahusa. A nan ma sai an san gari. In aka kwafo tsarin da farashi ke hawa gwargwadon yawan shan gida, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya a tsakar gida, ko gidan gado mai iyalai biyar, shi zai faɗa layin masu kuɗi, alhali mai katafaren gida da mutum huɗu ya ci rahusa. Wanda ya tsara abin a ƙasar da kowane gida miji da mata ne da 'ya'ya biyu ba zai hango wannan ba. Mai unguwa zai hango, matar gida kuma ta fi shi.

Watan jiya dai muka gaji da jiran mai allo. Abin ya taso ne daga wata gwauruwa a layinmu, Goggo, wadda ta aiko jikanta wajen liman da saƙo cewa in maza ba za su gyara rijiyar ba su faɗa, matan unguwa za su fasa adashinsu. Maganar ta yi zafi, aka zauna bayan Isha. Aka kira mai gyara ya duba, ya faɗi kuɗin sumo da farantai biyu. Nan aka raba wa gidaje, ba a sha wuya ba. Inda aka kai ruwa rana shi ne da wani matashi ya ce in an gyara a riƙa karɓar wani abu kaɗan a kan kowace jarka ana ajiyewa, a kuma ɗauki mai gadi, don kada a maimaita. Wasu suka ce ai an mayar da sadakar mutum kasuwa ke nan. Liman ya kawo labarin rijiyar Ruma da hukuncin gyaran wakafi, aka ɗan lafa. Aka amince marayu da gidajen da mai unguwa ya san halinsu su ɗiba kyauta, kuɗin kuma a hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace, Goggo ta zaɓo.

Baffa bai ce uffan ba har aka tashi. Washegari da sassafe ya tarar da ma'aji a ƙofar gida, ya miƙa masa kasonsa har da na wata uku gaba. Ma'aji ya buɗe littafi zai rubuta, sai Baffa ya riƙe masa hannu.

"Kada ka rubuta kuɗin ruwa. Rubuta sadaka."

Ma'aji ya ce, "To, Baffa," ya ja layi ya buɗe sabon shafi. Mai gyara ya ce sumon sai an aiko daga Kano, ranar Laraba.